Ɗakin da Ba a Ce Mini Ustaz

Assalamu alaikum 'yan uwa da ɗalibaina. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina Malam Kabiru ya shiga, me ya tsayar da karatunmu na Juma'a a unguwar Najma, ga amsarku. Ba tafiya na yi ba. Jinya na yi, kuma kotu ce ta tura ni.

Da ciwon baya abin ya fara. Tsayuwa a aji ta gagare ni, likita ya rubuta mini tiramadol na ɗan lokaci. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Da asibiti suka daina ba ni, sai na samu mai sayarwa a bayan wani gidan abinci, a kan titin da nake bi in je in yi muku nasiha a kan shaye-shaye.

Wata rana da azahar, ina tsaye a danja a unguwar Old Airport, jijjiga ta kama ni a kan sitiyari. Allah ya tsare ban take kowa ba. Na farfaɗo a asibiti, na tauna harshena, ga ɗan sanda a bakin ƙofa riƙe da ƙwayoyina a leda.

Alƙali ya tausaya, ya tura ni cibiyar magani maimakon gidan yari. Amma da sharaɗi: za a riƙa gwada fitsarina. Ranar da aka ga ƙwaya, sai kurkuku, daga nan sai jirgi, a kore ni daga ƙasar nan tunda baƙo ne ni. Takardar zaman matata da 'ya'yana kuwa a kan tawa take rataye.

Makonnin farko ba na fatan su ga maƙiyi. Gumi, zawo, amai, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya. Ɗan abin da muka tara ya tafi wajen lauya.

Da aka sallame ni gida, aka ce in zaɓi zaman masu barin ƙwaya da zan riƙa zuwa. Ban yi wani tunani ba na zaɓi majalisin wa'azi. Shehin da ke jagoranta mutumin kirki ne, na ga waɗanda suka warke a hannunsa. Amma da suka ji Larabcina da ƙira'ata, shi ke nan. "Yalla ya Ustaz, ja mu sallah." Ni ne liman, ni ne mai bayanin sharuɗɗan tuba, har wasu suna sumbatar kaina.

To yaya liman zai juyo bayan sallama ya ce wa mamu, wallahi tun raka'ar farko ƙwaya nake tunani?

Na yi shiru, shirun ya mayar da ni bayan gidan abincin nan na hanyar Najma. Na sayi ƙwayar kati guda na sa a aljihun jallabiyar da nake limanci da ita. Ban sha ba tukuna, ina ta zagayen ta.

Matata ce ta gani wajen wanki. Ta ɗora shi a faranti, ta ajiye a gabana kamar abinci.

"Baban Sadiƙ, su can kanka suke sumbata. Ni aljihunka nake wankewa. In za ka sha, ka faɗa mini in fara ɗaure kayan yara."

Washegari na kai wa likitata, wata 'yar Sudan, katin nan ba a ɓare ba. Ta ce akwai wani zaman, ba wa'azi, ba liman, Musulmi da Kirista da Hindu duk a da'ira ɗaya. Na ce ina tsoron kotu ta ce na guje wa tsari.

Ta ce, "Alƙali magani ya ce a yi maka, bai zaɓa maka ɗaki ba. Masallaci kuma yana nan ƙasa, ba wanda ya rufe shi."

Da yayana ya ji labari daga Zariya, ya kira ni.

"Kabiru, ka bar majalisin Alƙur'ani ka koma cikin waɗanda ba sa sallah? Rubutun da na aiko fa?"

"Ina sha, Yaya."

"To me ya rage?"

"Wurin da zan faɗi gaskiya."

Ya kashe wayar.

A sabon ɗakin kujerun roba ne kawai. Mai jagoranta ya dube ni ya ce, "Kabiru, yaushe ƙwayar ta zo maka a rai?" Na ce yau da safe, ina sujada. Na sunkuyar da kai ina jiran salati da istigfari. Sai wani direba ɗan Nepal ya gyaɗa kai ya ce shi ma a gaban abin bautarsa ta same shi. Ranar na yi kukan da na kasa yi a mihrabi.

A nan na koyi sauya hanya, in bar katin banki a hannun matata, in kira wani kafin ƙafata ta kai ni. Sallah ban bari ba ko sau ɗaya. Sahun baya dai na koma.

Gwaje-gwajena duk sun fito fes, kotu ta rufe maganar. Ban shiga kurkuku ba. Amma makarantar da nake koyarwa ba ta sabunta kwantiragina ba, yanzu haka kwalaye ne cike da falo, muna haɗa kayan komawa gida. Yaya har yau bai ɗaga wayata ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitata, da Shehin da ya yi mini addu'a ranar da na bar majalisinsa, da Maman Sadiƙ da ban san da bakin da zan gode mata ba.

Samari, ku ji. Maganin ciwo in ya wuce lokacin da likita ya yanka, ku koma masa, kada ku nemi na bayan gida. Kada ku yanke shi farat ɗaya ku kaɗai, jijjiga tana kisa. In an tura ɗayanku magani, ya tambayi zaɓin da ke akwai, ya shiga ɗakin da zai iya faɗin gaskiya. In na wa'azi ne, madalla. In ɗayan ne, kada ku kafirta shi.

Na san za ku zo bankwana, kuma na san bakinku ba zai iya kiran sunana gatsau ba. Ban ce ku yi ba. Amma in kun ce "Malam, ya jiki?" ku ɗan tsaya ku ji amsa.