Shafi Uku Da Na Taƙaita

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da Kawukudi a birnin Accra, kuma a layinmu na unguwar Nima ni ce mai Turanci. Duk wadda aka ba takardar asibiti ko ta makaranta, ni take nema. Ba zan ɓoye ba, abin ya fara kumbura mini kai.

Sai ga wasu masu bincike sun zo unguwa, suka ce suna son gano dalilin da ciwon ƙoda yake bin wasu gidaje, za su ɗebi jini su duba ƙwayoyin gado. Aka sa ni in fassara wa mata takardar amincewa. Shafi uku ce, ga rana, ga mata suna ta mita za su koma kasuwa. Da idona na karanta inda aka rubuta cewa wannan ba magani ba ne, ba a ba kowa sakamakonsa, kuma ana iya kai jinin ƙasar waje. Na ga in na faɗi haka za su watse, a ce ban iya aiki ba. Sai na ce musu za a duba jinin kowa a samo maganin da ya dace da jikinta.

A cikinsu akwai maƙwabciyata, dattijuwa mai koko da ƙosai, wadda ƙafafunta suka fara kumburi. Ta riƙo hannuna ta tambaye ni ko za a kira ta. Na ce mata sosai ma. Ta dangwala yatsa.

Tun daga ranar ta kafa jira. 'Yarta ta yi ta fama da ita su je asibiti, ta ƙi, wai ba za ta sha maganin kowa da kowa ba alhali nata na kanta yana hanya, ai ni na faɗa. Kullum na zo sayen koko sai ta tambaye ni, ni kuwa in ce a ƙara haƙuri.

Da abin ya ishe ni na bi sawu. Na tarar da ofishin a kulle, mai gadi ya ce kuɗin aikin daga waje suke zuwa, kuma sun yanke. Na shiga ma'aikatun gwamnati, wannan ya tura ni can, wancan ya ce ba hurumminsa ba ne. Jinin mata cike da rumfa, amma babu mai iya gaya mini inda yake ko wa ke sa ido a kansa! Ranar har kuka na yi don takaici. Kafin in samu ƙarfin halin faɗa mata gaskiya, ƙodar ta gama lalacewa. Ta rasu gab da azumi.

Har yau ina jin haushin gwamnatin da ba ta zuba kuɗi a binciken cututtukanmu, ta bar mu ba inda za mu kai ƙara. Amma masu binciken sun rubuta gaskiya, ni na yanke ta. Don Allah duk wanda aka ba amanar fassara, ya faɗi komai, ko da mutane za su watse. Kuma kada kowa ya ajiye asibiti yana jiran bincike.

Bayan sadakar bakwai 'yarta ta kawo mini takardar, ta ce a ƙarƙashin matashin uwarta ta same ta, in karanta mata. Na karanta mata duka shafi ukun. Ba ta ƙara gaishe ni ba.