Ranar Da Baba Ya Ƙi Yi Mini Shaidar Zur

A shekarun da mulkin farar hula ya dawo, ana ta kabbarar ƙaddamar da shari'a a Kano, ni saurayi ne ɗan gata a Nassarawa GRA. Na gama jami'a, ba aikin fari ba na baƙi, sai yawo da motar gida da mafarkin Turai. Mahaifina tsohon alƙalin babbar kotu ne. Tun muna yara muka san yadda yake yi da masu taurin kai, irin waɗanda ake yanke wa hukunci yau, gobe su sauya wa ƙarar riga su dawo. Tambaya ɗaya yake yi musu, wai wane sabon abu suka zo da shi. In babu, sai ya ce su tashi daga bencin, akwai mai gaskiya a baya yana jira. Mu dai abin dariya muka ɗauke shi, muna kwaikwayon muryarsa in ya ba da baya.

Na samu bizar ziyara na tafi, ta ƙare na ƙi dawowa. 'Yan gida da na tarar can suka koya mini hanya, wai in nemi mafaka, in ce kotun shari'a za ta yanke mini hannu ne na gudo. Ni da ko kazar maƙwabta ban taɓa kora ba! Aka bincika, aka ƙi. Na ɗaukaka ƙara, aka kore ta. Na shigar da sabuwa, wannan karon na ce 'yan siyasa ke farautata, ita ma ta faɗi. A ɗakin jira nakan haɗu da wata baiwar Allah da yaƙi ya cinye mijinta a ƙasarsu, tana fama da ƙananan 'ya'ya, kullum ana ɗage zamanta don ƙararraki sun yi yawa. Nakan gaishe ta in wuce.

Lauyana ya ce dabara ɗaya ta rage, mu roƙi babbar kotu ta sake duba hukuncin, amma sai da shaida mai nauyi daga gida, kuma wa ya kai tsohon alƙali? Na kira Baba ina kuka, na ce in bai ce raina na cikin haɗari ba, za a cuso ni a jirgi kamar kaya. Ya ce zai yi wa kotun magana. Har albishir na yi wa abokai.

Ranar zama aka haɗa shi ta waya. Cikin Turancinsa na mutanen da, ya ce shi ya haife ni, yana ƙaunata, kuma babu kotu ko ɗan siyasar da ke nemana a Kano. Ya ce ɗakina ma na nan, mahaifiyata na sa a share shi duk Juma'a. Alƙaliyar ta juyo ta tambaye ni wane sabon abu na zo da shi. Tambayar Baba ce sak. Ta kori ƙarar, ta hana ni shigar da wata sai da izinin kotu.

Na dawo cike da fushi. Shi da kansa ya zo filin jirgi yana dogara sandarsa, ya rungume ni a gaban mutane. A mota bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai abin da ya fi damunsa shi ne wanda na tare wa hanya duk tsawon lokacin nan. Nan take matar nan ta faɗo mini a rai, fushin ya koma kunya.

Yau Baba ba ya duniya, Allah ya jiƙansa, kuma ban ga namijin da ya kai shi ba. Ya zaɓi in tsane shi a kan ya sayar da gaskiya saboda ni. 'Yan'uwa matasa, ramin ƙarya ƙurarre ne, kada ku mai da kotu wurin gwada sa'a, a gida ko a waje. Ni na dawo na tarar da ɗakina a share. Ita kuwa matar nan ba ta da ɗakin komawa, kuma har yau ban san ko an saurare ta ba.