Kilo Ukun da Suka Ci Katin Marlene

Shekara ashirin da shida yayata Marlene Tregear ta yi tana ɗaura wa raket, wato abin buga ƙwallo, tsirkiya a babbar gasar tanis ta nan Melbourne, kuma ko sisi ba ta taɓa sawa a caca ba. Na fara da wannan ne saboda 'yan gulmar unguwarmu ta Footscray, da yanzu kowannensu ya zama alƙali.

Babanmu ya koya mata aikin a gareji tana 'yar shekara sha huɗu. Ni gudu na yi, don tsirkiya yanka yatsa take yi. Ita ta zauna. Duk shekara raket ɗin 'yan makaranta da tsofaffin kulob take gyarawa, amma mako biyun gasar a Janairu su ne ranta. Wurin aikin wani ɗaki ne a ƙarƙashin filin wasa, ba taga, sai injuna da warin gumi. Ko wasa ɗaya ba ta gani. Raket ake miƙo mata da 'yar takarda, a ja tsirkiya da ƙarfin kilo kaza, ta ja. Kuma kowace shekara sai ta sa hannu a kan doka kafin a rataya mata katin shiga: mai kati ba ya caca, ba ya fitar da zancen 'yan wasa. Wanda ya karya, shi da ɗakin har abada.

To, sai Allah ya haɗa ta da suruki. Brayden sunansa, mijin 'yarta Kirsty, ƙaton banza da ya tare a ɗakin bayan gidanta wai kafin su samu nasu. Doki, kare, ƙwallo, duk abin da ke gudu sai ya sa masa kuɗi ta waya. Na tsane shi tun ranar biki, ban kuma ɓoye ba.

Ranar Juma'a, ana gobe wasan ƙarshe na mata, Marlene ta dawo da la'asar a gajiye. Muna tsakar gida, zafi kamar a tanda, Brayden na juya naman rago a kan wuta da gwangwanin giya a hannu.

Ya ce, “Mama, wa zai ɗauka gobe? Ki ɗan tsegunta mana mana.”

Ta ce, “Ka san ba na faɗi. Juya namanka, yana ƙonewa.”

Ta zauna kusa da ni tana murza yatsu. Na tambaye ta me ya samu hannun. Ta ce zakarar bara ce ta dawo da raket takwas, wai a warware duka a sassauta da kilo uku. “Kilo uku fa, Cheryl! Duk aikin safe ya tashi a banza.”

Ƙorafin aiki ne take yi wa ƙanwarta, wallahi ba wani abu ba. A wajen masu tsirkiya wannan hira ce irin ta mai ɗinki da ke mitar allura. Amma duk wanda ya zauna gidan mai tsirkiya ya san ɗan wasa ba ya sassautawa haka ana gobe wasa sai kafaɗa ta hana shi barci. Na ga Brayden ya ajiye cokali mai yatsu ya shige banɗaki da wayarsa. Na gani da idona, kuma ban ce komai ba. Wannan yana cina har yau.

Kowa ya ba zakarar bara nasara. Shi kuwa Brayden ya zuba duk abin da suka tara a kan abokiyar karawarta, da sunan Kirsty, da adireshin gidan Marlene. Asabar ta zo, kafaɗar ta ƙi, zakara ta sha kashi. Shegen ya ci cacarsa.

Cin nan shi ya kashe wa Marlene aiki. Da faɗuwa ya yi, wa zai duba? Amma kuɗi mai yawa daga gidan mai kati, kan wasan da raket ɗinsa ya bi ta hannunta, ai ba sai an yi bincike mai zurfi ba. Bayan mako uku aka kira ta wani ofis. Na raka ta. Wani mai taye a wuya, da ba a haife shi ba lokacin da ta fara aikin, ya tambaye ta ko ta yi maganar raket a gida.

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ƙarya ɗaya tak ake nema!

Ta ce, “Na yi. Na ce kilo uku.”

Shi ke nan, aka karɓe katin. A cikin taragon da ya dawo da mu na zage ta tas, na ce wace irin gaskiya ce wannan ta marasa wayo. Tagar kawai take kallo, hannuwanta a cinya.

Kwana biyu bayan haka ina gidan, sai ga Brayden da Kirsty suna kokawar shigo da wani ƙaton kwali ta ƙofa. Talabijin ce, faɗinta ya kusa cinye bango. Yana haki yana washe baki.

Ya ce, “Taki ce, Mama. Kin huta da ramin nan. Baɗi kina kan kujera za ki ga kowane wasa, har gumin goshinsu.”

Na miƙe, na ce, “Kai, don ubanka, ka san abin da ka ƙwace mata kuwa?”

Marlene ta riƙe mini hannu. Ba ni take kallo ba, Kirsty take kallo, wadda ta tsaya riƙe da gefen kwalin, cikinta wata bakwai, ido ya cika da hawaye tana roƙon uwarta ba tare da ta buɗe baki ba.

Yayata ta ce, “Na gode, ɗana. Ku sa ta can, kada ta tare hanya.”