Wanda Ya Wulaƙanta Mini Kalangu a Rediyo

Shekarun baya can, lokacin da soja suka koma bariki, fastocin 'yan takara suka cika bango, ni makaɗin kalangu ne a wata ƙungiyar kiɗa a Kakuri. Ba kiɗan gargajiya ba fa. Kiɗan rawa ne irin na Kwango da Kamaru, da jita uku da ƙaho da gangunan Turawa, ni kaɗai ne Bahaushe a ciki. Abokina mai jita, ɗan kudancin Kaduna, shi ya jawo ni. Ya same ni ina yi wa mahauta kiɗa a kasuwa, ya tsaya ya saurara, ya ce, "Malam, wannan abu naka zai shiga makosa sosai." Ni a lokacin ko sunan makosa, kiɗan rawar Kamaru, ban taɓa ji ba. Kafin wata uku, in ban je wasa ba har tambayata ake yi, kaina kuwa ya kumbura.

Kalangun na mahaifina ne, na gada. Icensa yana da 'yar tsaga da marigayin ya toshe da kakin zuma, shi ya sa in aka matse tsarkiyar sosai sai muryarsa ta shaƙe kamar mai mura. A ɗakin abokina a Makera nake ajiye shi, saboda mahaifiyata ba ta son ganin na rataya shi na nufi otal.

Sai rikicin nan ya auku, wanda duk ɗan Kaduna ya sani, ba sai na tona ba. Ni da mahaifiyata muka tsallake gadar kogin Kaduna zuwa arewacin gari, daga mu sai kayan jikinmu, muka sauka gidan kawuna a Tudun Wada. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna. Ban san ko abokina yana da rai ba, shi ma bai san inda na faɗa ba. Na yi wata huɗu ban tsallaka kudu ba, kullum ina ce wa kaina sai ƙura ta lafa.

Akwai wani shiri da ake yi a rediyo duk Asabar da la'asar, suna bin wuraren wasa suna ɗauko kiɗan ƙungiyoyi su sa. Wata Asabar ina zaune a ƙofar gida, rediyon mai shayi yana ta yi, sai na ji jitar da na sani. Na miƙe tsaye. Kafin in gama murna, sai ga kalangu ya shigo, da shaƙaƙƙiyar muryar nan tasa. Nawa ne, ko a mafarki na ji shi zan gane. Amma wanda ke kaɗa shi, Allah ya isa. Ba ya matsewa inda ake matsewa, ba ya saki inda ake saki, duka kawai yake kamar mai kakkaɓe tabarma.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki abinci sai in ajiye. In shiga ɗaki, in fito, in je bakin titi, in dawo. Wa suka samo a madadina? Ko kuwa an fasa ɗakin ne, wani ya tsinci kalangun ya kai musu? To shi abokin nawa fa, shi ne da jitar, ko wani ne ya koyi hannunsa? Asabar ta zagayo, aka sake sa su, dukan ya fi na da muni. Har mai shayin ya ce, "Wannan makaɗi ko ya sha wani abu ne?" Na ji kamar ni aka zaga.

A Asabar ta uku mai gabatarwa ya ce gobe Lahadi ƙungiyar za ta yi wasa a Tirkaniya da ƙarfe uku. Na gaya wa mahaifiyata zan je. Ta dube ni ta ce, "Yanzu a kan ice da fata za ka kai kanka inda muka gudo? In gado ne, ubanka ya bar maka ni ma." Na ce, "Inna, kafin magariba ina gida." Ta juya mini baya tana jan carbi.

Da bas ta hau gada na cire hulata na cusa a aljihu, kada a gane ni Bahaushe ne. Ina faɗa ne ba don abin alfahari ba ne. Garin da aka haife ni, ga ni ina satar kallon fuskar kowa.

Wurin wasan farfajiyar wani ƙaramin otal ne, kujerun roba, mutane da kayan coci a jikinsu, mata na ta rawa. Can a gaba na hango abokina, ya rame, jita a bayansa, kalanguna a hammatarsa ta dama, ya riƙe gula kamar muciya. Duk tsoron da na zo da shi ya gudu. Ban yi sallama ba, ban gaisa da kowa ba, na haye na fizge abina.

"Wa ya ce ka taɓa mini kaya? Haka ka ga ina yi?"

Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba. "Sati bakwai ke nan ina dukansa, Malam. Na gaya wa Oga shugabanmu, in kana da rai ba za ka iya haƙuri ba. Ni na roƙi mutumin rediyo ya riƙa sa wanda akwai kalangu ciki."

Shugaban ƙungiyar, wani dattijon Ibo, ya matso ya dafa ni. "Abeg, Malam, karɓa abinka. Wannan mutum ya kusa kore mana kostoma duka."

Na gyara tsarkiya, na sa shi a hagu, muka yi waƙa biyu. Bayan mun sauka muka zauna a gefe, ya tambaye ni Inna, na ce tana lafiya. Na tambaye shi mutanen gida. Ya ce ƙanensa bai fita da rai ba. Ya faɗa ne yana kallon ƙasa, ya kuma ce ranar da ya gudu, jita da kalangun kawai ya iya ɗauka. Shi ya raka ni har bakin titi, bai tafi ba sai da bas ta tashi.

Yau ƙungiyar ta daɗe da watsewa, ni ma ban koma kudu da zama ba, amma muna zumunci, 'ya'yansa Baba suke ce mini. In muka ba da labarin nan mutane dariya suke yi, ni ma ina taya su. Sai dai akwai abin da ke cizona har yanzu. Wata huɗu ina da ƙafa, na san ƙofar ɗakinsa, ban je na duba ko yana raye ba. Da aka taɓa mini kalangu, sati uku na yi na tsallaka. Ya san halina sarai, ya san ba don shi zan zo ba, kuma duk da haka bai fasa kirana da kalangun ba.