Mayen Ƙarfe a Garin Masara

A bakin injin niƙa na Nukkai, Mahbuba tana jiran layi, idonta na kan wata tsohuwa da ba ta sani ba. Siririya ce, zanenta ya koɗe, tabaraunta ɗaure da zare. Ta baza garin masararta a faifai, jikokinta ƙanana sun kewaye ta.

Tana da mayen ƙarfe biyu, irin na cikin tsohuwar rediyo. Ta riƙe ƙaramin nesa da garin.

"Ya jawo wani abu, Imrana?"

"Ko kaɗan, Kaka."

Sai ta sauko da babban dab da garin, tana zagayawa a hankali. Baƙar ƙurar ƙarfen da injin ya zubar tana tashi, tana manne masa kamar gemu.

Mahbuba tana tunanin ko malamar makaranta ce a da, ko kuwa ta taɓa binne yaron da ciwon ciki ya ɗauke. Hannun nan dai ba na mai wasa ba ne.

"Ku riƙa matsowa da shi kusa," in ji tsohuwar. "Abin da bai kama ba, cikinku zai shiga."

Mahbuba ta dubi masarar tuwon 'ya'yanta.