Ƙarfe Huɗun Malam Garba

Har yau ban manta da wata Laraba ba, ranar da aka aiko kirana daga ɗakin haihuwa zuwa ofishin ajiye takardu, a ƙaramin asibitinmu na bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin ni ce babbar ungozoma, saura mini shekara biyu in ajiye aiki. Ku ƙananan ungozomomi da kuke ƙorafi wai na cika takura muku kan duba agogo, ku saurara ku ji inda abin ya samo asali.

Na tarar da Malam Sabi'u mai kula da takardu ya haɗa gumi, ga wata budurwa zaune a bencinsa ta rungume jaka. Sunanta Rifkatu. Iyayenta mutanen Filato ne da suka zo noman tumatir suka zauna, a hannunmu aka haife ta, yanzu kuma malamar gona ce. Abin da take nema shi ne a buɗe mata tsohuwar rajistar haihuwa ta ga lokacin da ta zo duniya.

Ƙa'idarmu, ba a buɗe wa kowa rajista sai da takardar izini daga shugaban asibiti. Ranar Litinin ta zo, Malam Sabi'u ya ce Oga ba ya nan. Ta zauna har aka tashi. Ranar Talata ta dawo da wasiƙa a rubuce, ta tare Oga a bakin mota, ba ta matsa ba sai da ya sa hannu. Ranar Laraba Malam Sabi'u ya ce rajistocin wancan zamani suna sito ƙarƙashin tsofaffin katifu, ta ce a ba ta tsintsiya za ta taya shi. Da aka fito da littafin aka ga rubutun nawa ne, shi ya sa aka kira ni.

Na ce, "'Yata, katin haihuwarki ya ɓata ne?"

Ta ce, "A'a Mama, ga shi nan. An rubuta ƙarfe huɗu na yamma. So nake in tabbatar, don gaba ɗaya rayuwata a kansa take."

Na zauna, don maganar ta yi mini nauyi. Sai ta ciro waya ta shiga yi mini bayani. Wai masu ilimin taurari sun raba sararin sama buruji goma sha biyu, kuma burujin da ke hudowa daga gabas a daidai mintin da aka haifi mutum, shi ne yake zama a gidansa na farko. Wannan gida, in ji ta, shi ne fuskar da mutum yake nuna wa duniya: yadda yake shiga taro, yadda yake magana, yadda mutane suke ganinsa tun kafin ya buɗe baki. Kusan duk awa biyu burujin yana sauyawa, don haka ranar haihuwa kaɗai ba ta isa ba, sai da lokaci. Nata, da aka sa ƙarfe huɗu, Ƙaguwa ya fito: mai taushin zuciya, mai gudun rigima, wadda in an taɓa ta sai ta shige ɓawonta.

Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba, addinina ma bai ba ni damar yarda ba, kuma na san a cocinsu ba za a yaba mata ba. Amma ba wa'azi ta zo nema ba. Na ce ta ci gaba.

Ashe an zaɓe ta ta shugabanci rabon ruwa a wani sashe na kanal. Masu shinkafa na sama da masu tumatir na ƙasa kullum cikin cacar baki suke kan wa zai fara sha, aikin kuwa shi ne tsayawa a tsakiyarsu. Ranar Juma'a za ta ba da amsa. Ta ciro takarda ta nuna mini, ta riga ta rubuta cewa ba za ta iya ba.

Ta ce, "Tun ina makarantar koyon aikin gona na san halina, Mama. Shekara shida ke nan ina karantawa. Irina ba ma tsayawa gaban dattawa ana ɗaga murya. In rajista ta ce huɗu, jibi zan kai takardar."

Na jawo littafin. Ga sunan mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, ga ƙarfe huɗu da rubutuna. Na duba layin sama, huɗu. Na duba na ƙasa, huɗu. Na buɗe shafin baya, duk haihuwar da aka yi tsakanin azahar da magariba a wannan rani, huɗu ce. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, domin nan take na tuna dalili.

A wancan lokaci agogon bango na ɗakin haihuwa ya mutu, mun rubuta a kawo wani har mun gaji. Ba waya a hannun kowa, agogon hannu kuma cirewa muke mu bari a gida saboda wanke hannu. To akwai ƙofar ruwa a bayan tagarmu, wadda a ƙa'ida ake buɗewa ƙarfe huɗu. Da mun ji ruwa ya taho da ƙugi sai mu ce huɗu ta yi. Ga rajista ba a cika ta sai an gama gyara uwa da jariri, sai mu kama huɗun nan mu rubuta. Matsalar ita ce mai buɗe ƙofar, Malam Garba, ba ya buɗewa sai manoma sun gama musu. Wata rana ƙarfe biyu, wata rana har an fara alwalar magariba. Kowa a garin ya san ƙarfe huɗun Malam Garba, mu ma mun sani, muka riƙa rubutawa a littafin gwamnati.

Na juya littafin na tura mata. Na ce, "Dubi nan. Wannan huɗun ba ta agogo ba ce. Ni na rubuta, kuma ban duba komai ba." Na gaya mata labarin ƙofar ruwa ban rage ko ɗaya ba.

Ta sa ƙarfe biyu a wayar. Tagwaye ya fito, mai baki, mai iya jan hankalin jama'a. Ta karanta ta ce a hankali, "Wannan ma akwai ni a ciki." Ta sa ƙarfe shida da rabi, Zaki ya fito, shugaba, wanda ba a taka shi. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da hawaye.

"Mama, don Allah ki tuna. Rana ta yi sanyi? An kira salla?"

Malam Sabi'u ya yafito ni waje. Ya ce, "Hajiya, ki ce mata gab da magariba ne mana. Ta zama zaki ta karɓi aikinta. Wa zai ƙaryata ki? Taimako ne."

Wallahi sai da zuciyata ta karkata. Kalma ɗaya ce, yarinya ta tafi da murna. Amma na tuna lamba ɗaya ta ƙarya da na rubuta ina sauri ita ce ta ɗaure ta shekara shida. In na ƙara mata wata, ko mai daɗi ce, na sake ɗaure ta ne da sabuwar igiya, kuma duk ranar da dattawa suka taso mata za ta koma waya neman zaki. Na ce masa ba zan yi ba.

Na koma na ce, "Rifkatu, ban tuna ba. Na karɓi haihuwa fiye da yadda zan ƙirga, kuma ba zan ƙirƙiro miki lokaci ba."

Ta fashe da kuka, ta ce, "To ni wace ce ke nan?"

Na ce, "Abin da ban gani ba, ba zan faɗa ba. Amma ga abin da aka gani. Malam Sabi'u, sau nawa ka kore ta?"

Ya sosa ƙeya ya ce sau uku.

"Oga fa, da yake shiga mota ko gaisuwa ba ya amsawa, wa ya tsayar da shi?"

Ya nuna ta da baki.

Na ce, "Shekara ashirin ina aiki da Malam Sabi'u ban taɓa sa shi ya shiga siton nan ba. Ke kin sa shi cikin kwana uku, ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma tafi ba. Aikin da aka ba ki fa shi ke nan. In ba kya so, ki ce ba kya so, wannan haƙƙinki ne. Amma kada ki jingina shi da rubutuna."

Ta share fuska, ta yi godiya sama-sama, ta fita da takardarta a jaka. Na san ta ji haushina, kuma tana da gaskiya. Ni kuwa na ɗauki jan biro na rubuta a gefen waɗannan shafuka cewa lokacin ƙiyasi ne, ba a duba agogo ba, na sa hannu. Na kai wa Oga ya gani. Ya ce, "Hajiya, kin tona wa kanki asiri." Na ce, "Ranka ya daɗe, gara a same shi a rubuce."

Juma'a ta wuce ban ji labari ba. Bayan kamar sati uku ina kan duba wata mai ciki, sai na ji hayaniya a bayan taga. Na leƙa. Manoma sun fi talatin a bakin ƙofar ruwa, kowa na ɗaga hannu, ga Rifkatu a tsakiya da takalmin roba da littafi. Muryarta na rawa, ina ji daga inda nake. Wani dattijo ya ce mata yarinya ba za ta koya masa ruwa ba. Ta ce, "Baba, yau na ƙasa ne, gobe naku. Haka muka rubuta, kai ma ka sa hannu." Ya maimaita, ta maimaita. Ba ta zama zaki ba, amma ba ta matsa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu babu ƙaramin rubutu. Abin da kika rubuta kina sauri ki je ki wanke hannu, wani zai ɗauka ya ce shi ne shi. Ki duba agogo kafin ki yanke cibiya, in kuma ba ki duba ba, ki rubuta ba ki duba ba.

Ban taɓa tambayarta ko ta daina karanta taurarin ba. Ranar da na ajiye aiki dai, ina tattara kayana a ɗakin haihuwa sai na ji ruwa ya taho da ƙugi a bayan taga. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu daidai.