Famfon da ke ɗakin Baba

Shekarun baya, ina tsakiyar digirina na biyu, yajin aiki ya kore mu daga jami'a. Na kwaso gwajina zuwa gida, Fadan Kaje. Aikina wata siririyar leda ce da na haɗa da hannuna, wadda ake sawa a tsakiyar batiri mai aiki da ruwan wani sinadari, banadiyam. Kwalba biyu ne, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya shunayya. Ledar za ta bar wuta ta ratsa, amma ta hana ruwan biyu cakuɗewa. Dole ƙaramin famfon lantarki ya yi ta juya ruwan har ƙarshen gwajin. In ya tsaya, sai in koma farko, ga ruwan ya kusa ƙare mini.

Wayar wutar sola a ɗakin marigayi mahaifina take, wanda ba a buɗe ba tun jana'izarsa. Na buɗe, na jera kayana a teburinsa, na kulle, makulli a aljihuna.

Da la'asar na tarar famfon a kashe. Washegari ma haka. Na duba waya, na zargi zafin kwanon rufi, na canza fis ɗin wutar. Ranar da aka wuni ana ruwa, gari ya yi sanyi, famfon ya sake mutuwa. A ranar na lura maɓallin bango ne aka danne. Ni mai ilimin kimiyya, sai ga ni na fito da baya da baya.

Na je na gaya wa mahaifiyata. Tana tsince citta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Babanka ba ya son ƙara in yana hutun rana. Ka shiga room nashi, ka gaishe shi ma?"

"Mama, Baba ya rasu."

"Na sani. Ni na rufe idon shi."

Ruwan gwaji ɗaya ya rage mini. Na tsaya a bakin ƙofa, kunya da tsoro sun cika ni, na ƙwanƙwasa.

"Gafara, Baba. Aikin makaranta ne."

Hedimasta ne shi, bai taɓa hana yaro karatu ba. Famfon bai ƙara tsayawa ba. Ranar ƙarshe na ga launukan suna nan a rabe, ledata ta riƙe. Na miƙa hannu zan kashe, kafin in taɓa, maɓallin ya yi ƙas, ɗakin ya yi tsit.

Har yau ɗalibaina suna mini dariya, don ba na shiga ɗakin gwaji sai na ƙwanƙwasa.